Ruwan Farko na Malam Sabitu

Ka'akiyya, Makka
Jimada Awwal

Zuwa ga Gwaggo Kande,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ke da mutanen gida kuna lafiya. Baba ya ce in tambaye ki ya gwiwa, kuma ko man zafin da ya aiko ta hannun masu Umara ya iso. Mu nan alhamdu lillahi. Jinin Umma ya ɗan hau, amma ya sauka.

Ba ki taɓa ganina ba sai a hoto. Ni ce Rumasa'u, 'yar Abdulƙadir ta uku, jikar Alhaji Mahmudu ƙanen mahaifinki. Na rubuta da hannu na turo hoton takardar ne saboda Baba ya ce ba kya karɓar magana mai nauyi da baki a waya. Ki yi haƙuri da Hausata. A nan aka haife ni, Larabci ya fi zama a bakina.

Bana na gama karatun fiyano a Alƙahira. Malamata, Ustaza Jawahir, ta shirya wa waɗanda suka gama bana taron kiɗa a wani ƙaramin zaure a Jidda cikin Sha'aban. Sauran duk sun zaɓi kiɗan Turawa da kowa ya sani. Ni na zaɓi gajerun kiɗe-kiɗe shida na mahaifinki Malam Sabitu, Allah ya jiƙansa, waɗanda ya bar wa kakana takardunsu shekarar da ya zo Hajji: Kurciya a Kan Rumbu, Kwaɗin Tafki, Balbela Bayan Shanu, Iska a Gonar Gero, Gawo, da Ruwan Farko.

Babu wanda ya kai minti uku a cikinsu, amma ban taɓa jin irinsu ba. A Kurciya, hannun hagu murya uku kawai yake maimaitawa, ba ya gajiya, hannun dama kuwa yana zagaye shi kamar mai tsoron kada ya tashe ta. A Kwaɗin Tafki hannuwan biyu gardama suke yi, kowa yana katse ɗan'uwansa. Na duba ɗakin karatun makarantarmu kaf, babu littafin da ya ambaci sunansa. Da na gama kaɗa wa Ustaza, sai ta ce, "Wane ne wannan, kuma me ya sa ban san shi ba?" Ta yi magana da wani mai ɗakin naɗar sauti, ya ce zai zo ya naɗa ya fitar, da sharaɗin a kaɗa shidan duka.

Baba ya ce kiɗan ba namu ba ne, na ubanki ne, ke kaɗai kika rage cikin 'ya'yansa, in ba ki yarda ba ba zan hau dandali da shi ba. Shi ya sa nake neman izininki.

Na haɗo da sautin da na naɗa a ɗakina, da bayanin da na rubuta don masu sauraro. A ƙarƙashin Gawo ya rubuta "yana zubar da ganye cikin damina", sai na ce kiɗan makoki ne ga bishiyar da take mutuwa alhali komai yana tsirowa. A kan Ruwan Farko ya rubuta "da sauri", sai na ce yana nuna tsoron ɗan Adam in sama ta ɓalle masa.

In akwai kuskure ki nuna min.

'Yarki,
Rumasa'u

*

Kazaure
Nuwamba

Rumasa'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda take. Man ya iso, ki ce wa Abdulƙadir na gode, ki kuma ce masa ya iya aiko mai amma bai iya aiko gaisuwar mutuwar mijina da bakinsa ba. A gaida babarki da jiki.

Hausarki ba ta da laifi. Shekara talatin ina gyara rubutun yara a firamare, na ga wadda ta fi taki muni a wurin waɗanda ba su taɓa barin garin nan ba. Kunnenki ne yake da laifi.

Na saurari abin da kika turo. Kurciyar ba komai, ko da yake ta yi ƙiba, da gani tattabarun Harami kika sani, masu cin alkamar alhazai. Kwaɗin ma na yi dariya.

Amma wa ya gaya miki gawo mutuwa yake yi? Haka Allah ya yi shi. In ruwa ya sauka ya kaɗe ganyensa, rana ta samu geron da ke ƙarƙashinsa. In rani ya yi, kowa ya bushe, shi kuma ya yi kore shar, awaki su taru a gindinsa. Manomi ba ya sare gawo. Ubana tsokanar bishiyar yake yi, mai yin abu saɓanin jama'a irinsa, ke kuma kin kafa mata zaman makoki.

Ruwan Farko kuwa ban iya kai ƙarshensa ba. Kashe wayar na yi. Mene ne wannan? Kina dukan fiyano kamar an biyo ki da sanda. Kin danne abin takawar nan har komai ya cakuɗe ya zama rugugi. Tsoro? A garin nan wata bakwai muke yi muna kallon sama. Ranar da ruwan farko ya sauka tsofaffi fitowa suke ƙofar ɗaki su shaƙi ƙamshin ƙasa, yara su tuɓe su faɗa ciki. A hankali ubana yake kaɗa shi, ɗigo-ɗigo, a gabana, ba labari aka ba ni ba.

Mutumin nan ya mutu ba wanda ya san darajar abin da ya yi. Kwalejin da ya koyar ta sayar da fiyanonsa a matsayin katako. Na haƙura da wannan. Abin da ba zan haƙura da shi ba shi ne a tono shi bayan shekaru a nuna wa Larabawa shi a matsayin Bahaushen da ke gudun ruwan sama.

Ku mutanen Makka dama ba kwa tambayar kowa sai kun gama shirinku. Ki yi abin da kika ga dama.

Kande Sabitu

*

Ka'akiyya, Makka
Jimada Awwal

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyyar Baffa mijinki, Allah ya jiƙansa. Na gaya wa Baba saƙonki. Ya tashi ya tafi shagonsa na unguwar Aziziyya ba tare da ya sha shayi ba.

Na gode da izinin da kika ba ni a ƙarshen takardarki. Na sanar da Baba, na sanar da Ustaza, an sa sunan Malam a jerin taron.

Maganar gawo kin fi ni gaskiya. Na bincika, haka ne. Na goge bayanin, na cire nauyin da na ɗora wa hannun hagu, sai ga kiɗan ya koma kamar mutum mai taurin kai yana tafiya shi kaɗai yana fito. Ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Ruwan Farko kam ba zan iya rage masa gudu ba. Ba ni na ce "da sauri" ba, shi ya rubuta, har ya ja layi a ƙarƙashi. Na turo miki hoton wurin. An koya min cewa abin da mai kiɗa ya rubuta amana ne, ba a sauya shi don wani ya tuna shi daban.

Game da tsoro, Gwaggo, ni ruwan da na sani na kaɗa. Gidanmu a gindin dutse yake. Nan ƙasa ba ta shan ruwa, duk abin da ya sauka a kan duwatsu gangarowa yake yi ya zama sel, wato ambaliya, ya bi titi da motoci da kwandunan shara. In aka ga hadari saƙon gargaɗi ne yake shigowa waya, a rufe makarantu, Umma ta ce a naɗe darduma. Ina aji biyu motar makarantarmu ta maƙale, ruwa ya kai taga, wani mutum ya ɗauke mu ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa. Da na ga saurin da ya rubuta, wannan na ji.

Ina jiran shawararki a kan Balbela, ban tabbatar da ƙarshensa ba.

'Yarki,
Rumasa'u

*

Kazaure
Janairu

Rumasa'u,

Muna lafiya. Na je ƙauye wurin ƙanwar mijina da ta karye, can kuwa waya ba ta kamawa sai an hau tudu, ni kuma ba ni da gwiwar hawa tudu. Jiya na dawo na tarar da takardarki da saƙonni birjik, har da hoton sanarwar taronku da sunan ubana da baƙaƙen Larabci.

Wane izini? In babba ya ce miki ki yi abin da kika ga dama, ya ba ki izini ke nan? A gidan Abdulƙadir haka aka koya muku? Shi da ya san abin da nake nufi, ba ki nuna masa takardar ba, ko? Gaya masa kika yi da baki Gwaggo ta yarda. Kuma da kika ji shiru mako da makonni, bai zo miki a rai ki tsaya ba.

Na kira shi da safe. Ya ce shi maganarsa tana nan: sai abin da na ce.

Labarin motar makarantarki na ji, Allah ya kiyaye gaba. Amma ubana ba ya cikin motar. Ki rubuta naki kiɗan ki sa masa suna Sel, ba wanda zai hana ki. Ni kuma ina ganin mutane a talabijin suna ɗawafi cikin ruwa suna ɗaga hannu suna murna, to su ba a Makka suke ba?

Kin turo min hoton rubutun ubana don ki koya min hannunsa. Madalla. Ga nawa sharaɗin: ko ki kaɗa Ruwan Farko a hankali yadda na ji shi a ɗakinmu, ko ki cire sunansa daga takardarku gaba ɗaya.

Ƙarshen Balbela tashi take yi, ba sauka ba. Ki daina jan shi.

Kande Sabitu

*

Ka'akiyya, Makka
Rajab

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Allah ya ba mai karaya lafiya. Umma tana gaishe ki. Baba ba ya yi min magana sai ta bakin Umma.

Ban yi wa Baba ƙarya ba. Abin da kika rubuta na faɗa masa, kalma da kalma. In mutum yana nufin a'a, ban san abin da zai hana shi rubuta a'a ba. Masu ɗawafi cikin ruwa kuma baƙi ne, Gwaggo. In sun gama otal suke komawa, hawa na ashirin. Mu ne masu kwashe laka.

Na gwada yadda kika ce. Kwana da kwanaki ina kaɗa shi a hankali da abin ji a kunne don kada maƙwabta su gaji da ni. Ba ya tsayuwa. An gina shi ne yadda muryoyin sama za su riski juna, in an ja su sai su rabu, kowace ta faɗi ita kaɗai. Na kai wa Ustaza, ta ce wannan ba kiɗa ba ne, atisaye ne.

Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma kin matsa min. A ƙasan takardar Ruwan Farko ya rubuta shekara, 1961. Na tambayi Umma, ta tambayi Baba: an haife ki a 1962, motar da ta kife da Malam a hanyar Kano kuma a 1964 ne, daga nan yatsu biyu na hannunsa na dama ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Saurin kiɗan nan duk a hannun dama yake. Ke nan ba ki taɓa jin sa yadda ya rubuta shi ba. Abin da kika ji, kika riƙe duk shekarun nan, kiɗan mutum ne da hannunsa ya lalace. A hankali yake yi don ba zai iya da sauri ba.

Kina so in hau dandali in kwaikwayi ciwonsa, in ce wa mutane nufinsa ke nan. Ni a ganina wannan ne cin amanarsa, ba abin da na yi ba.

Mai naɗar sauti ya sake jaddada cewa shida ko babu. In kika hana, ba ni kaɗai kika hana ba. Shi kika mayar cikin akwati.

Rumasa'u

*

Kazaure
Fabrairu

Rumasa'u,

Muna lafiya.

Na ajiye wayar da takardarki take ciki a ƙarƙashin filo kwana biyu, don da na amsa a ranar da ta iso, da ba za ki ƙara rubuto wa kowa takarda ba.

Lissafinki daidai ne. An ba ki maki. Kin zauna a Makka kin haɗa shekaru kin gano cewa ubana yana da mataccen hannu. Ni nake ɓalla masa maɓallin riga. Ni nake yanke masa farce.

Tunda kina son bayani, ga shi. Yatsu biyun nan su ne masu taɓa muryoyin can sama. Da suka ƙi, sai ya riƙa zaunar da ni a damansa a kan benci, ya ɗora ni a kan littattafai in yi tsawo. Shi ya kaɗa sauran, ni in taɓa na saman da ɗan yatsana in ya gyaɗa kai. A hankali muke yi, eh. Saboda hannunsa, da kuma saboda ni, yarinya ce da ba ta iya kamo shi. Yakan ce, "Kande, ruwan nan namu ya makara a hanya, gero zai yi fushi." In na taɓa ba daidai ba ya ce ɗigo ne ya faɗa a kwano. Dariya muke yi daga farko har ƙarshe, har Inna ta leƙo ta ce mun hana ta jin rediyo.

To na yarda, da sauri ya rubuta. Na janye maganar a hankali. Ruwan farko ma ai da sauri yake zuwa, kan ka kwashe shanya ya jiƙe ka. Amma akwai gudun mai tserewa, akwai gudun yaron da ya tuɓe riga ya nufi tsakar gida. Duka sauri ne. Takardarki ba za ta gaya miki wanne ba ne, Ustazarki ma haka. Na sake sauraron naki har ƙarshe a wannan karon. Yatsunki sun fi nasa ko kafin motar, ina jin. Sai dai tun daga murya ta farko kina neman inda za ki ɓuya.

Kin ce ni na mayar da shi akwati. Ya fi shekara hamsin a akwatin gidanku a Makka, ba wanda ya buɗe, ba wanda ya ce min yana nan. Zai iya ƙara ɗaya.

Ga maganata, kuma a wannan karon na rubuta ta yadda ba sai an fassara miki ba. Biyar ɗin, eh. Ki kaɗa su da sunansa. Ruwan Farko, a'a.

Kande Sabitu

*

Ka'akiyya, Makka
Sha'aban

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Baba ya fara yi min magana.

An yi taron ranar Alhamis. Na kaɗa biyar. Mai naɗar sauti bai zo ba, ya ba wa wata da ta kaɗa na Turawa gurbina. Ustaza ta ce na bar ra'ayin tsohuwa ya shiga tsakanina da aikina, kuma ba ta san lokacin da dama irin wannan za ta sake zuwa wa baƙuwa irina mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Ni ma ban tabbatar ta yi kuskure ba.

Tunda haƙƙinki ne ki sani: zauren bai cika ba. A Kwaɗin Tafki mutane sun yi dariya a inda ya kamata. Bayan Gawo an yi shiru kafin a tafa, irin shirun da ake so. Wani dattijo ɗan Sudan, wanda ya ce kakanninsa daga Haɗeja suka taso, ya tare ni a ƙofa yana tambaya ina na shidan, ga shi a rubuce a takarda. Na ce masa mai shi ta hana. Baba ya zo, ya zauna a layin baya da rigar shago, bai tafa ba, amma a mota ya ce Balbelar ta tashi.

Ban yafe miki ba tukuna, gara in faɗa. Abin da na rubuta game da hannun Malam gaskiya ne, amma bai kamata in rubuta shi yadda na rubuta ba. Wannan ma gara in faɗa.

Na ci gaba da gwada Ruwan Farko kullum. Na rage abin takawa, na sassauta kafaɗa, na yi duk abin da na sani. In na naɗa na saurara, abin da kika ji nake ji. Ban san yadda ake cire tsoron nan ba.

Saboda haka ina da tambaya. Wace rana ce ruwan farko yake sauka a Kazaure? Na duba bayanan shekarun baya, wani wuri an ce Mayu, wani an ce Yuni. Ina buƙatar ranar daidai, ko mako, saboda takardar fita da dawowa tana da wa'adi, kuma bana lokacin ya faɗo daf da Hajji. Ni ce mai zama wa Baba a shago in alhazai sun cika Aziziyya. In zan bar shi a irin wannan lokaci, dole in gaya masa kwana nawa.

Rumasa'u

*

Kazaure
Maris

Rumasa'u,

Muna lafiya. Zafi ya fara.

Da akwai wanda ya san ranar, da ba a yi roƙon ruwa a filin idi ba. Wata shekara ya zo da wuri, wata shekara hadari ya haɗu baƙi ƙirin har sau biyar ya watse, mutane su koma ɗaki suna tsaki. Ba ni da ranar da zan ba ki. Ki gaya wa Abdulƙadir ba ki san kwana nawa ba. In ya yi ƙorafi ki ba shi waya, akwai sauran magana tsakanina da shi.

Ki zo ki zauna ki jira kamar kowa. Babu na'urar sanyi a gidana, wuta ma sai ta ga dama. Za ki kwana a waje a kan tabarma kina gumi, ki sha ruwan rijiya da ya ja baya har ya yi kauri, ki tashi kullum ki kalli gabas ki ga ba komai. Sai kin fara jin haushin sama kamar yadda muke ji. Kada ki zo a makare ki ce za ki tarar da shi, ba ruwan ne ake nuna miki ba.

Ban ce in kin zo na yarda ba. Na ce ki zo.

Kande